Ranar da Anti Ƙarama Ta Naɗe Hannu

Yaran aji biyu ne suka raɗa mata suna Anti Ƙarama, alhali ta girmi malamar ajin nesa ba kusa ba, a jiki ma ta yi biyunta. Amma tunda Malama ce ke riƙe da alli, ita kuwa mataimakiya ce, sai yaran suka yanke hukuncin ita ce ƙaramar. Tun tana gyara musu har ta gaji ta ƙyale su. Yanzu hedimasta ma da sunan yake kiranta, yana yi yana jin nauyi.

Mutane da yawa ba su san aikin mataimakiyar aji ba, kuma rashin sanin bai taɓa hana su magana ba. Wani ya ce raino ne, wani ya ce zama ne kawai ake biyan mutum a kansa. To su zo su zauna mana. Yara sun haura arba'in a ɗaki ɗaya, benci guda mutum uku, fanka ɗaya da ke juyawa ran da ta ga dama. Malama tana gaban allo tana rubutu, ta ba duniya baya, duk abin da ke faruwa a bayan nan na Anti Ƙarama ne. Ga mai mintsinin na kusa da shi, ga wadda fensirinta ya ɓata tana shirin kuka, ga wanda fitsari ya matse kunya ta hana shi ɗaga hannu. Ba ta tsawa, ba ta riƙe bulala. Zuwa take yi ta tsaya kusa da mai surutu, ta ɗora hannu a bencinsa, surutun ya mutu da kansa. In ta ga biyu sun fara hararar juna, kafin abin ya kai ga hannu ta tashi ɗaya ya je ya goge allo. Rigimar da ta kashe tun ba ta tashi ba babu wanda ya gan ta, don haka babu wanda ya taɓa yi mata sannu a kai.

Sai dai ba don waɗannan aka turo ta ba. Ofishin ilimi ba ya ba aji mataimakiya sai in akwai yaron da ba zai iya zaman aji ba sai da babba a kusa da shi. A aji biyu, wannan yarinya ce da kowa ke kira Tsuntsuwa.

Shekarunta takwas, siririya ce, ba ta kallon mutum a ido, maganarta kuma a taƙaice take. In ta ji daɗi takan kaɗa hannuwanta kamar fukafukai, in ranta ya ɓaci ma haka, daga nan sunan ya samo asali. Karatu ba ya ba ta wahala, a lissafi ma ta fi rabin ajin. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne ba-zata: a buga ƙararrawa, a canja mata wurin zama, baƙo ya faɗo aji, a ja benci ya yi ƙara. Nan take komai ke rikice mata. Ta kurma ihu, ta shige ƙarƙashin benci, ta riƙa buga kanta da ƙasa, wanda ya kai hannu ya sha cizo. Makarantu biyu sun sallame ta kafin wannan. A nan ma, kafin zuwan Anti Ƙarama, ta taɓa cizon wani yaro har sai da aka yi masa ɗinki, iyaye suka cika ofishin hedimasta da hayaniya. Ranar hedimasta ya yi musu alkawari a gaban kowa cewa yarinyar za ta zauna ne muddin akwai mataimakiya kusa da ita. Ran da babu, ta koma gida.

Anti Ƙarama ta samo wata 'yar kujerar katako ta ajiye a bayan bencin yarinyar, ta zauna. Watannin farko ta sha cizo, har yau da tabon a damtsenta. A hankali ta gane cewa abin ba ya faɗowa haka kawai, yana sallama kafin ya shigo. Da farko Tsuntsuwa za ta zare takalmin ƙafar hagu. Daga nan wani ɗan gurnani ya fara a maƙogwaronta, ƙasa-ƙasa, wanda ba ya kusa ba zai ji ba. Sai kuma hannu, kuma wannan ita yarinyar ce ta ƙirƙiro abinta. Takan miƙo hannu baya, tafin a buɗe, ba tare da ta waiwayo ba. Anti Ƙarama ta sa mata yatsu biyu a ciki, yarinyar ta damƙe su har su yi tsami, ita kuwa tana jan numfashi a hankali yadda yarinyar za ta ji, har gurnanin ya sauka. In ya ƙi sauka sai ta raɗa mata, "Dastar goge allo ta yi datti, je ki wanke mana a famfo." Kafin ta dawo ruwan sanyi ya gama aikin.

Amma babban abin da ya ɗaure su ba hannun ba ne. Anti Ƙarama ba ta barin komai ya sami yarinyar nan ba ta gaya mata ba. "Yanzu za a buga ƙararrawa." "Gobe Malama ba za ta zo ba, wani malami zai zo, muryarsa babba ce amma ba faɗa yake yi ba." Ranar da ma'aikatan lafiya suka zo yi wa yara allura, kowa yana cewa ba zafi, ita ta durƙusa ta ce mata, "Akwai zafi, amma ba ya daɗewa, kuma ina riƙe da ke." Aka yi allurar, ta yi zafi, ba ta daɗe ba. Har ya zama kullum in aka tashi, kafin ta ɗauki jaka, sai yarinyar ta tambaya, fuskarta na kallon bango, "Anti, gobe akwai sabon abu?"

Haka aka ci shekara guda ba ihu, ba cizo, ba shiga ƙarƙashin benci. Wannan zaman lafiyar ne ya jawo musu masifa.

Wata safiya hedimasta ya kira su ofis, ita da Malama. Mutum ne mai kirki da tsoron rigima, in yana da labari mara daɗi sai ya fara da yabo.

"Ku zauna, ku zauna. Anti Ƙarama, kin yi aiki. Wallahi kin yi aiki har ya yi yawa."

"Ranka ya daɗe, aiki yana yawa ne?"

"Ofis za su turo jami'a ranar Laraba ta ga yarinyar da idonta. Sun ce shekara guda ba mu kai ƙarar komai ba, ke nan ta warke. Akwai makarantar da ke jiran mataimakiya tun bara, can suke so su mai da ke."

"Ta warke?" in ji Malama, wadda bakinta bai iya jiran izini ba. "Mura ce aka ce musu tana yi?"

"Sai mu yi musu bayani," in ji Anti Ƙarama.

"Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Sun ce kowane hedimasta haka yake faɗa, ba mai son a ɗauke masa ma'aikaci. Abin da jami'a ta gani shi za ta kai musu." Ya cire tabarau ya murza ido. "In suka ɗauke ki, kun san alkawarin da na yi wa iyaye. Ba ni da yadda zan yi."

Suna fitowa baranda Malama ta ja ta gefe. Malama yarinya ce mai zafin nama, tana son Tsuntsuwa da gaske, ba a yi mata ƙazafin rashin tausayi ba. Ita dai in ta hango mafita ba ta tsayawa duba abin da za a taka a hanya.

"Anti, ranar Laraba ki naɗe hannu."

"In naɗe hannu kamar yaya?"

"Ki zauna a kujerarki kamar kullum, amma kar ki yi komai. Kar ki ce mata ga ƙararrawa nan, kar ki aike ta famfo. Ki bar matar ta ga yadda abin yake in ba ke."

"In ta miƙo hannu fa?"

"Ki kalli allo."

Anti Ƙarama ta juya ta kalli filin makaranta. Can ta ce, "To bari in gaya mata tun yau. In ce mata ranar Laraba ba zan ba ta hannu ba, kar ta ji tsoro."

"Haba Anti! In kin gaya mata ai shiryawa za ta yi ta daure, ke kika koya mata dauriyar. Sai jami'a ta ga yarinya lafiya lau kuma ba mai riƙe da ita, mun yanka kanmu da kanmu. Darasi ɗaya ne fa. Darasi ɗaya ta yi kuka, ta ci gaba da karatunta, ko ki lallaɓa ta ranar Laraba ta koma gida gaba ɗaya?"

Abin haushin shi ne gaskiya Malama ta faɗa. Wane irin tsari ne wannan, da mutum zai yi aikinsa da kyau a ce ashe ba a bukatarsa, sai an ga yaro yana birgima a ƙasa sannan a yarda yana da matsala? Amma masu tsarin suna can ofis, ba su san ana yi ba, kuma Laraba tana matsowa.

Anti Ƙarama ta ce ba za ta yi ba sai da sanin uban yarinyar. Da la'asar ta bi ta shagonsa. Mai gyaran firiji ne, shagon wani dogon ɗaki ne a bakin titi, firijai tsaye layi-layi wasu ba ƙofa, ko'ina warin gas da ƙonannen waya. Matarsa ta rasu tun yarinyar ba ta fara tafiya ba, shi ne uwa shi ne uba. Tsuntsuwa tana can ƙuryar shagon a kan tabarma, ta zube kusoshi tana ware su manya da ƙanana. Ba ta ɗago ba, amma ta kaɗa hannu sau ɗaya, gaisuwarta ke nan.

Suka tsaya a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa. Ya saurara har ta gama, yana goge hannunsa da tsumman da ya fi hannun datti.

"Za ta ji ciwo?"

"Zan tashi kafin ta ji ciwo."

Ya waiwaya ya kalli 'yarsa, sannan ya nuna wani tsohon firiji da aka cire wa ƙofa. "Kin ga wancan? Lokacin da aka sallame ta, a cikinsa take wuni. Ta shiga ta naɗe ƙafa tun safe har in rufe shago, ba ta ce wa kowa uffan. Yanzu kuwa in ta dawo sai ta lissafa mini sunayen 'yan ajinsu kaf, da wanda aka yi wa faɗa, da wanda ya yi tusa ya ɗora wa na kusa da shi." Ya yi 'yar dariya. "Anti, kar ta dawo cikin firijin nan. Ku yi abin da kuka ga ya dace, na yarda."

Ranar Talata da aka tashi, yarinyar ta yi tambayarta ta kullum. Anti Ƙarama ta ce, "Gobe baƙuwa za ta zo, za ta zauna a gaba kusa da ƙofa, ba za ta taɓa ki ba." Duk gaskiya ne. Sauran kuwa ta haɗiye shi.

Jami'ar da ta zo ba muguwa ba ce, gara ma a ce muguwa ce mutum ya sami wanda zai tsana. Wata mata ce da gajiya ta cika wa fuska, tana fama da mura, ta riga ta zaga makarantu tun safe. Ta gaida yara, Malama ta sa aka jawo mata benci, ƙafafunsa suka yi ƙara a kan siminti. Ta zauna ta saki atishawa mai ƙarfi, yaran suka tuntsire da dariya.

Anti Ƙarama tana kan 'yar kujerarta, ta cusa hannuwanta biyu a cinya ta matse. Tana kallo Tsuntsuwa ta taka dunduniyar hagu da ƙafar dama, takalmin ya zame. Malama ta fara darasi, muryarta ta fi ta kullum tashi. Ba a jima ba gurnanin ya fara.

Sai hannun ya zo. Ya miƙo baya a hankali, tafin a buɗe, ya tsaya yana jira. Anti Ƙarama ta kafa wa allo ido, ba ta ganin ko harafi ɗaya. Yatsun suka rufe, suka buɗe, suka sake rufewa. Da yarinyar ta ji shiru sai ta fara lalube a iska, wataƙila ta ɗauka Anti ta tashi ne ba ta sani ba. Laluben ya kai ga gwiwar Anti Ƙarama, ya tsaya a nan. Ta ɗan bubbuga gwiwar, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba abin da ya taɓa yi wa matar nan ciwo a aikinta kamar wannan bugun, har cizon da ya bar mata tabo. Hannuwanta suna neman fita daga cinya da kansu, ta ƙara matse su.

Tsuntsuwa ta waiwayo. Yarinyar da ba ta kallon kowa a ido ta juyo gaba ɗaya ta kalli Anti Ƙarama a tsakiyar ido, bakinta a buɗe. Ana cikin haka mai gadi ya buga ƙararrawar canjin darasi, ba wanda ya ce mata ga ta nan.

Ihun da ta yi har aji shida an ji shi. Ta faɗa ƙarƙashin benci, bencin ya kife da littattafan mutane, ta fara buga goshinta da siminti. Yara suka watse suna kuka, wasu suka hau kan tebur don su gani da kyau. Jami'ar ta miƙe tsaye, hankalinta a tashe.

"Baiwar Allah, ba aikinki ba ne? Tashi mana ki taimake ta!"

Anti Ƙarama ta riga ta tashi. Ta zube a ƙasa ta sa tafin hannunta tsakanin goshin da simintin, amma ta makara, goshin ya riga ya fashe. Tana taɓa ta yarinyar ta harbe ta da ƙafa, ta ja da baya har bango, ta kama damtsen kanta ta gartsa masa haƙori. Sai wani yaro daga kan tebur ya ce, "Malama, ta yi fitsari!" Waɗanda suka manta da cewa Tsuntsuwa ta taɓa zama abin kallo, ranar suka tuna.

Sai da aka kira uban. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya tsugunna ya daɗe yana kiran sunanta, sannan ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Bai kalli Anti Ƙarama ba, ita ma ba ta nemi ya kalle ta ba.

Sati bai zagayo ba amsa ta zo daga ofis. An bar wa yarinyar mataimakiya har ta gama makarantar. Hedimasta ya aika aka sayo lemo, Malama ta rungume Anti Ƙarama tana cewa, "Ba na gaya miki ba?" Anti Ƙarama ta karɓi kwalbar ta riƙe har ta huce a hannunta, daga baya ta ba mai gadi.

Da goshin ya warke Tsuntsuwa ta dawo. Tana shiga aji ta ajiye jaka, ta ɗauki 'yar kujerar katakon da hannu biyu, ta fita da ita baranda ta ajiye, ta dawo ta zauna. Anti Ƙarama ta ɗauko kujerar ta mayar. Kafin ta zauna takalmin hagu ya zame, gurnani ya fara. Ta matsa baya, ya ragu. Ta matso, ya ƙaru. Ta gwada washegari, ta gwada kashegarinsa, abu ɗaya ne. A da ƙararrawa ce da baƙi ke tayar wa yarinyar hankali, yanzu an sami ƙari, kuma ƙarin shi ne wadda aka ajiye don ta kwantar mata da shi. In Anti Ƙarama ta buɗe baki za ta ce ga ƙararrawa nan, sai ta toshe kunnuwa tun kafin maganar ta fito.

"Za ta manta," in ji Malama. "Yara ba sa riƙo."

Wasu yaran dai. Wannan kuwa za ta gaya maka launin rigar da ka sa ranar da ta fara ganinka.

Makonni suka wuce abin yana ƙara lalacewa. Anti Ƙarama ta koma tsayuwa a ƙarshen aji, tana hango takalmin yana zamewa, tana sane da abin da zai biyo baya, ba ta da ikon matsawa. Tana ji tana gani aka shiga ƙarƙashin benci sau da yawa. Ran nan Tsuntsuwa ta hankaɗe wata yarinya ta faɗa kan tebur leɓenta ya fashe, washegari uwar yarinyar ta zo tana tambaya da ƙarfi ina amfanin mataimakiyar da ke tsaye a bango kamar tsintsiya.

Uban ya zo ofishin hedimasta da kansa, ya rame. Ya ce kullum da safe sai an yi dambe kafin ta sa kayan makaranta, ranar Lahadi kuma ya tarar da ita a cikin tsohon firijin nan. Ya ce ya lallaɓa ya tambaye ta me take so. Sai ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Faɗi mana, Baban Tsuntsuwa," in ji Anti Ƙarama. "Ba komai."

"Ta ce tana son makaranta. Ta ce za ta zauna in ba kya ajin."

Hedimasta ya fara kame-kame, yana cewa a ƙara haƙuri, a ƙara lokaci. Anti Ƙarama ce ta katse shi. Ta ce akwai mataimakiya a aji biyar, sabuwa ce amma tana da haƙuri, a yi musanya, ofis ba ruwansu da wace ce muddin akwai mutum a kujerar. Ta faɗi haka muryarta ba rawa, sai da ta fita ta shiga banɗakin malamai ta kulle ƙofa. Da ta fito ta nemi mataimakiyar aji biyar ɗin, ta zaunar da ita duk tsawon hutun tara tana gaya mata maganar takalmi da gurnani da famfo. Ta ce mata ko me za a yi, ta gaya wa Tsuntsuwa tun kafin a yi.

Da aka tashi ta tarar da uban a bakin ƙofar makaranta, Tsuntsuwa na tsaye kusa da shi tana kallon katanga. Yarinyar ta daina yi mata tambayar gobe tun ranar Larabar nan, amma Anti Ƙarama ba ta so canjin ya zo mata a ba-zata. Ta roƙi uban ya bar ta ta faɗa da bakinta. Ta tsugunna daga nesa, inda gurnanin ba zai tashi ba.

"Tsuntsuwa, gobe akwai sabon abu. Ba zan zo ajinku ba, na koma aji biyar. Wata Anti za ta zauna a bayanki, doguwa ce, tana sa tabarau, muryarta a hankali take. Ba za ta taɓa ki ba sai kin so."

Yarinyar ba ta motsa ba. Anti Ƙarama ta dafa gwiwa za ta miƙe, sai ta ji muryar, ana magana da katanga.

"Kin ga hannuna?"

Uban yana bayan 'yarsa. Ya girgiza kai da sauri, idonsa yana roƙo: ki ce ba ki gani ba, ki ce hankalinki yana wani wuri.

"Na gani," in ji Anti Ƙarama.

"Na taɓa gwiwarki."

"Na ji."

"Mantawa kika yi?"

"Ban manta ba. Shiryawa aka yi, don baƙuwar ta ga kina bukatar mai zama kusa da ke, kar a mai da ke gida. Ban kyauta miki ba. Ki yi haƙuri."

Yatsun Tsuntsuwa suna motsi a gefen siket. Tana lissafi ne, kuma ba ta kuskure a lissafi.

"Kin zo shago," ta ce. "Kun tsaya a ƙofa. Kun yi magana ƙasa-ƙasa." Ta ɗan matsa daga jikin ubanta, har hannunsa da ke kan kafaɗarta ya zame. "Baba ya sani?"

Anti Ƙarama ta ɗaga ido ta dubi mutumin. Ta ga alamar zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Yarinyar nan mutum biyu take da su a duniya, ɗaya ta riga ta tafi. In na biyun ya bi ta, wa zai sa mata kayan makaranta gobe, wa zai kira sunanta ta fito daga ƙarƙashin benci?

"Baba bai sani ba," ta ce, tun kafin ya yi magana. "Firijina ne ya lalace, maganarsa muka yi. Ni kaɗai na shirya, ban gaya wa kowa ba."

Yarinyar ta daɗe tana kallon katanga. Ba ta da dalilin ƙin yarda, matar nan ba ta taɓa gaya mata abin da ba haka ba. Ta koma jikin ubanta, ta kama hannunsa da hannuwanta biyu.

"Baba, mu tafi. Ba na son ta."

Mutumin ya buɗe baki, Anti Ƙarama ta girgiza masa kai. Ya tsaya kamar ba zai tafi ba, 'yarsa tana jan sa, har ya bi ta suka tsallaka titi. Ita kuwa tana nan a tsugune, yara suna ratsa ta gefe da gefe suna cewa sai gobe Anti Ƙarama, tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya.